PTC, bireka ko IC: wanne za ka saya don shot kar ya ƙona maka aiki?

Duk mai haɗe-haɗen lantarki a gida ya san takaicin fis ɗin gilashi, waya ta taɓa waya ya tsinke, ka saya ka sake saya har ka gaji ka naɗa masa silin waya. Haka na yi, ranar da shot ya zo batirin lithium 18650 guda biyu suka tafi, har yanzu tabon ƙunar na kan teburina.

Cikin abubuwan da za su maye gurbin fis ɗin, mafi arha dai PTC ne, ɗan faifan nan ruwan ɗorawa mai ƙafa biyu kamar kafasita. Wuta ta yi yawa sai ya ɗau zafi ya toshe hanya, ka gyara matsalar ka cire wuta ya huce ya dawo aiki. Irinsa ne a gefen USB na Arduino Uno, ƙaramin allon lantarkin nan na haɗe-haɗe, mai 500mA. To amma ɗan'uwa ka kula da lamba, PTC mai lamba MF-R050 yana riƙe 0.5A ne, sai an kai 1A ake da tabbacin zai katse, kuma ba nan take ba, yakan ɗau daƙiƙu, kafin nan ƙaramin tiransisto ya riga ya soye. Sannan a digiri 23 aka auna shi, mu kuwa a watan Afrilu ɗaki mai rufin kwano ya haura 40, ga shi cikin akwatin roba a rufe, sai ka ga yana yanke wuta ba gaira ba dalili. Ɗauki wanda ya ɗan fi buƙatarka, ka duba yawan bolt (V) da yake ɗauka ma.

Bireka mai maɓalli irin ta jikin janareta, ta 5A ko 10A, wannan ta batirin 12V ce da fanka ko motar lantarki (injin juyawa) mai jan wuta. Ga ƙaramin allo ba ta san ana yi ba.

In kuwa abin da kake karewa mai tsada ne a layin 5V, gaskiya ka daure ka nemi TPS2553, IC ne, wato ɗan guntun lantarki, mai iyakance wuta. Da resisto ɗaya kake saita iyakarsa, daga 75mA zuwa sama da 1A, kuma kafin ƙiftawar ido ya riƙe wutar. Matsalarsa ƙanƙanta, ƙafa shida kamar ƙwayar shinkafa, sai mai hannun gyaran waya zai iya liƙa shi, kuma ba ya ɗaukar fiye da 6.5V.

Ni yanzu PTC nake sawa daf da batiri don kare wayoyin haɗi, IC ɗin kuma a bakin allon.