Na yi wata shida ina zubin adashe a manhajar waya, ga abinda na gani

To ni dai tun ina yarinya nake ganin adashe a gidanmu, sai bara wata ƙawata ta tura min link na wata manhaja wai adashe na zamani, ba ruwanki da bin uwar adashe gida gida. Sunanta ba zan faɗa ba don ba talla aka biya ni ba kuma ba faɗa nake nema ba. Na shiga rukunin mutum goma, dubu biyar duk sati, kwasa dubu hamsin.

Bari in fara da inda suka burge ni. Rajista ba wahala, BVN da hoto kawai, kuma duk zubin da kika yi alat zai shigo nan take, ga lissafi a rubuce, babu zancen "ai ba ki kawo na wancan satin ba". Wadda ta sha wahalar ƙarancin kuɗi a farkon 2023 lokacin canjin naira, muna layi wajen masu POS ana sayar mana da kuɗinmu, ta san darajar turansfa. Kwasata ta farko ta shigo daidai ranar da aka ce. Cajinsu bai yi yawa ba, amma in an haɗa da data da cajin banki yana ɗan taɓa jiki.

Matsalar ta fito ne a zagaye na biyu. Ƙanwata ta haihu kafin lokaci, aka yi mata aiki, ina buƙatar kuɗi a satin kuma kwasata sai nan da sati biyar. A adashen unguwa wannan ai ba magana ba ce, za ki sa hijabi ki shiga gidan Hajiya uwar adashe ki ce Hajiya ga halin da ake ciki, ita kuma ta aika yaro wajen mai kwasar satin, kafin la'asar an yi musanya har da "Allah ya raya". A manhajar nan na tura saƙo sau uku, amsa ɗaya ake dawo min da ita, wai tsarin ba ya canzuwa. To wa zan roƙa, tunda sauran tara ɗin ko sunayensu na gaskiya ban sani ba?

Sannan mutum ɗaya ya kwashe nasa ya daina zubi. Sun cike giɓin daga baya, wannan kam na yaba, amma sai da muka jira sati biyu. Nan ne karatun soshiyoloji, wato nazarin zamantakewa, da na yi a jami'a ya dawo min kaina, don a aji kullum muna musu da 'yan ikonomiks masu karatun tattalin arziki, su suna ganin kowa ribarsa kawai yake lissafawa, mu muna cewa ai ciniki ma a cikin zumunci yake zaune. Matar da ke zubi a unguwa ba tsoron kotu take ba, kunya take ji, don gobe za ta haɗu da ku a gidan suna, mijinta da mijinki sahu ɗaya suke sallah, 'yarta kuma wata rana ɗan wani zai zo nema a yi bincike. Wannan shi ne jinginar da ta bayar. Wanda ya gudu a manhaja kuwa goge ta kawai zai yi daga wayarsa.

Akwai wani masani, Abner Cohen, da ya zauna a Sabo ta Ibadan a shekarun 1960 yana nazarin fataucin shanu da goro na Hausawa, ya tarar ana ba mahauta shanu bashi ba takarda ba sa hannu, maigidan da fatake ke sauka wajensa ne ke tsayawa tsakani da mutuncinsa. Ko Muhammad Yunus na Bangladesh da ya ci kyautar Nobel a 2006, bankinsa na Grameen ai da rukunin mutum biyar biyar da suka san juna ya riƙa ba da rance, yawancinsu mata, ba tare da jingina ba. Masu manhajar nan sun ɗauko lissafin adashe daidai, amma sanayyar suka bari a baya.

Kar a ce na cika yabon na gargajiya, shi ma ana cinye kuɗin mutane, kuma kunyar nan takan hana ki tambayar haƙƙinki in uwar adashen 'yar uwa ce. Shi ya sa ban goge manhajar ba. In ajiya kawai kike so, ko ma'aikaciya ce ke mai jiran albashi, za ta yi miki. Tauraro uku na ba su cikin biyar, zan ƙara ɗaya ranar da suka bari mu haɗa rukuni da waɗanda muka sani kuma mu iya musanyar kwasa da kanmu. Satin da ya wuce dai na koma wajen Hajiya da dubu ukuna, ta kalle ni ta ce "'yata har wayar ta sake ki?"