Bel ɗin baya bayan aikin haɗe ƙashi: wanne ya dace da Sakkwato

Wanda aka yi wa aikin haɗe ƙashin baya, galibi a gaɓar ƙasan baya da likitoci ke kira L4-L5 ko L5-S1, da wuya a sallame shi 'yan uwa ba su shiga kemis neman bel ba. Iri 2 aka fi samu a shagunan kayan asibiti na garin nan: mai laushi na roba da siraran ƙarafa a bayansa, da mai tauri, wanda ke da faranti gaba da baya da igiyar ja.

In likita ya ce a ɗaura, mai taurin za a saya, ko da ya fi tsada. Mai laushi naɗewa yake yi sama da zarar an zauna, kuma ƙurar hunturu na cika abin mannawarsa har ya daina kamawa. Na baƙar roba mai kauri kuwa a bar wa mai shago kayansa. A watan Afrilu, da zafi ke wuce digiri 40, gumi yake tarawa a kan ɗinki, fata ta jiƙe, ƙuraje su fito.

Amma fa babu bel ɗin da ke riƙe ƙashi. Sukurori da sandunan ƙarfen da aka ɗaura ne ke wannan aikin har ƙashin da aka dasa ya kama, wata 6 zuwa shekara. A L5-S1 ma bel bai cika hana motsi ba. Amfaninsa ya hana mutum sunkuyawa da murɗa jiki da mantuwa, yawanci na mako 6 zuwa 12. Bai halatta hawa kabu-kabu ko ɗaga jarkar ruwa ba, sallah kuma a kan kujera har likita ya yarda da ruku'u da sujada.

A auna ciki daidai cibiya da tef ɗin tela, kada a bi lambar wando. A sa singiletin auduga a ƙasa, a bar sararin da yatsu 2 za su shige. Idan gefensa na ƙasa ya danne tudun ƙashin ƙugu ta gaba, yana matse wata jijiya da ke bi ta wurin, sai gefen cinya ya riƙa zafi kamar barkono ko ya mutu. Kwanciyar rub-da-ciki lokacin tiyata ma na jawo haka. A sassauta bel ɗin, a faɗa wa likita.

Babban aibinsa shi ne rufe wurin ɗinki. A kwance shi safe da yamma wani ya duba. Farin ruwa garau a bandeji, tare da ciwon kai mai tashi in an miƙe, ya lafa in an kwanta, alama ce ruwan laka na yoyo. Mugunya, ja da zazzaɓi na nuna ƙwayoyin cuta sun shiga, kada a tsaya shan maganin maleriya. Abin da ba ya jiran wayewar gari shi ne fitsari ya ƙi fita ko ya zubo ba sani, tsakanin cinyoyi ya mutu, ƙafa ta rasa ƙarfi ta ƙi ɗaguwa: wataƙila jini ne ya taru ya danne jijiyoyi. Haka in sha-raɓa ɗaya ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, don jini na iya daskarewa a jijiya. Ba kasafai suke faruwa ba, amma in an gansu sai sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda ake da likitocin ƙwaƙwalwa da laka.

Ciwon da ya dawo bayan watanni da sauƙi, ƙara matse bel ba zai magance shi ba. Ƙila ƙashin bai haɗe ba, sukuru ya yi lako-lako ko ya karye, kuma hoto ne zai nuna. Taba sigari da ciwon suga da ba a kula da shi ba na kan gaba wajen jawo haka, gudun rashin haɗewar ƙashin ne kuma ya sa likitoci da dama ke hana magungunan ciwo irin su diclofenac da ibuprofen a watannin farko.