Garkar da na samu a Lil: wasiƙa zuwa ga Yaya a Maraɗi

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaishe ka da iyali, a gaida min Inna ƙwarai. Na ji zafin bana ya tsananta, Allah ya kawo damina lafiya. Ka tambaye ni batun garkar da na ce na samu, to ga bayani.

Fili ne na magajin gari a bakin birnin Lil, arewacin Faransa, dab da iyakar Beljiyam. An yanka shi kashi-kashi, kowa da nasa, da ƴar rumfar ajiye kayan aiki. Shekara biyu sunana yana cikin jerin masu jira kafin a kira ni. Nawa kason bai kai kwatar garkarka ta Jiratawa ba, ina biyan yuro 60 a shekara, kusan jika 40 ke nan a kuɗinmu. Al'adar ta daɗe: wani limamin coci ɗan majalisa, Jules Lemire, ya kafa ƙungiyarta a 1896 don ma'aikatan masana'antu su sami abin miya. Sharaɗin kuwa, ba a sayar da abin da aka noma. Ka ci, ka ba maƙwabci, amma ba ka kai kasuwa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne lokaci. Watannin da muke kira bazara, lokacin da rijiyoyi suke ja baya ana neman inuwar dogon yaro, su ne farkon noma a nan. A watan Afrilu kuna fama da zafin da ya haura 40, ni kuwa da asuba nakan tarar raɓa ta daskare a kan ganye. A cikin ɗaki na yi renon tumatir da tattasai tun watan Maris, a bakin taga. Wani dattijo maƙwabcina ya hana ni dasa su kafin 11, 12 da 13 ga Mayu su wuce, don a wajensu waɗannan kwanaki ne ƙarshen sanyin da yake kashe shuka a dare ɗaya. Abin da ke ƙasa yanzu dankalin turawa ne, da karas, da salad, da ƙananan wake masu jure sanyi. Hasken rana kuma ya yi tsawo, magariba tana kaiwa ƙarfe tara, shi ya sa nake samun awa biyu a garka bayan na tashi daga aiki.

Amma Yaya, iri nake so mu yi magana a kai, don shi ya fi tsaya min a rai. A nan kowace ƴar takardar iri tana ɗauke da sunan irin, da watan shuka, da tazarar da za a bari, da shekarar da zai daina tsira. Abin da aka rubuta shi ne zai fito. Ka tuna shekarar da muka sayi gwangwanin irin kabeji a kasuwa, muka yi ban ruwa sati uku, ko rabi bai tsira ba? Kuɗin mai ya tafi, lokacin dashe ya wuce, ba wanda za mu kama. Nan in haka ta faru da rasit ɗinka kake komawa kanti. Iri a nan ba arha ba ne, takarda ɗaya takan kai yuro biyu zuwa uku, amma manomi ya san abin da ya zuba a ƙasa. Wallahi da manoman bakin Gulbi za su sami wannan tabbaci kaɗai, da abin da suke fitarwa ya ba kowa mamaki, domin a iya aiki ban ga wanda ya fi su a nan ba.

Maganin ƙwari ma haka. Tun 1 ga Janairu 2019 doka ta hana mai ƙaramin lambu saye ko ajiye magungunan feshi na sinadari. Da farko na ɗauka takurawa ce. Sai na tuna piya-piya da ake sayarwa a kwalba ba rubutu, da yara masu feshi ba abin rufe hanci, da salad ɗin da aka fesa jiya aka kai kasuwa yau. Don Allah ka daina barin yaran gida suna feshi. Maƙiyinmu a nan wani dodon koɗi ne marar ƙoƙo, da dare yake fitowa ya cinye salad tas. Da hannu nake tsince shi, ina kuma zagaye shuka da toka kamar yadda Baba yake yi, sai dai ruwan sama yakan wanke ta.

Ruwa ba damuwa. Akwai famfo a tsakiyar filin, kowa kuma da tankin tara ruwan sama a jikin rumfarsa. Ba injin ban ruwa, ba neman mai. Taki kuma daga wani bargar dawaki muke ɗebowa kyauta, su ma nema suke a rage musu.

Inda muka fi su nesa ba kusa ba shi ne rana. Irin kuɓewar da Inna ta ƙulle min bara ya tsira, ya kai taƙi biyu, ya tsaya cak. Zogale ya yi kyau a tukunya, sanyin Nuwamba ya kashe shi. Yakuwa ta ba ni ganye, amma ba ta yi fure ba har sanyi ya shigo. Albasa ƴar Galmi ce ta fi ɓata min rai: ta saba da yinin da bai wuce awa 12 zuwa 13 ba, da ta ga dogon yinin nan sai ta yi saurin ɗaure kai tun tana ƙarama, ta tsaya kamar ƙwallon goro. Kuɓewar da ake samu a kantunan ƴan Afirka da jirgi take zuwa, kilo ɗaya sai ya ci kuɗin da zai cika maka kwando a Maraɗi, ga ta ta tsufa ba yauƙi. Tumatir ɗin babban kanti a lokacin sanyi kuwa ja ne kawai, ba ƙamshi. Ku kuna iya noman rani ku yi na damina, mu wata shida muke da shi sai ƙasa ta yi barci.

Na ga kuma abin da ya faranta min rai. Maƙwabtana akwai ƴan Maroko da ƴan Fotugal da Faransawa, ran Asabar ana musayar dashe ta kan shinge, wannan ya ba ka na'ana'a, kai ka ba shi barkono. Na ba wata tsohuwa ganyen yakuwa, ta dawo tana tambayar yadda ake miyarsa.

Akwai mai tahowa gida bayan sallah, zan ba shi irin karas da salad da kabeji masu kwanan wata. Ka gwada su a fangali biyu tukuna idan sanyi ya shigo, kada ka zuba duka, don ban san yadda za su ɗauki ƙasarmu ba. In zai dawo, Inna ta aiko min da busasshiyar kuɓewa da garin zogale da daddawa.

Ƙaninka, daga Lil.