Fina-finan tarihin Afirka: wanne ya dace a nuna wa ɗalibai?

Malamin tarihi da ke shirin sayen fim don ajinsa, kafin ya kashe kuɗi ya fara duba wa aka ba damar magana a ciki. 'Yan Afirka ne ke ba da labarinsu, ko dai ana nuna su kawai wani yana yi musu bayani?

Cikin fina-finai huɗu da zan kwatanta, mafi tsufa shi ne "Africa" na Basil Davidson, kashi 8, wanda ya fito a 1984. Davidson Baturen Ingila ne da ya daɗe yana ƙaryata masu cewa Afirka ba ta da tarihi kafin zuwan Turawa, kuma ya shigo har fadar Kano. Sai dai hoton ya tsufa, kuma mutanen gari an fi ganinsu fiye da jin ta bakinsu.

"The Africans" na Farfesa Ali Mazrui, kashi 9, ya biyo baya a 1986. Mazrui ɗan Mombasa ne, Musulmi, ya gina shirin a kan gado uku: gargajiya, Musulunci da tasirin Turawa. Ɗalibin Kano ko Damagaram zai ga kansa a nan. Bai ɓoye ra'ayinsa ba, har hukumar Amurka da ta ba da tallafi ta nemi a cire sunanta, wai shirin yana sukar Yammacin duniya. Ga aji mai son muhawara babu kamarsa, amma muryar mutum ɗaya ce, sai malami ya kawo ta wasu.

Na Farfesa Henry Louis Gates, Ba'amurke, "Africa's Great Civilizations" na 2017, ya fi su kyan hoto, amma don masu kallo a Amurka aka shirya shi.

Ni dai na fi karkata ga "History of Africa" na Zeinab Badawi, haifaffiyar Sudan, kashi 20 da aka gina kan kundin tarihin Afirka na UNESCO. Ta zaga ƙasashe tana miƙa wa masanan kowace ƙasa abin magana, har da mata. Yana kan YouTube kyauta, kuɗin data ne kawai.

Dukkansu da Turanci suke. Idan 'yan ƙaramar sakandare ne, gara a ɗauki kashi ɗaya, a riƙa tsayarwa ana fassara musu da Hausa.