Kamfas, GPS ko waya: wanne za ka saya kafin ka shiga kurmi da fadama cikin duhu

Duk wanda ya taɓa bin jinin barewa bayan magariba ya san yadda abin yake. Kai a sunkuye, ido a kan ganye, kana haska ɗigon jini nan da can, ka zaga kututture ka kutsa sarƙaƙiya ka tsallake ruwa, sai bayan awa guda ka ɗago kai ka ga duk bishiyoyin kamarsu ɗaya, ba ka san ta ina ka shigo ba. Makuwa kenan, kuma ba ta barin gwani. A shekarar 2009 Jan Souman da abokan aikinsa na cibiyar Max Planck a Jamus sun maƙala wa mutane GPS suka sake su cikin daji, waɗanda suka yi tafiya ranar da gajimare ya rufe rana sai suka riƙa zagaye suna komawa kan sawunsu, alhali su a ransu miƙaƙƙiyar hanya suke bi. Da rana fa kenan. Toh ina ga dare, a dajin da ba ka sani ba, ga laka tana riƙe maka ƙafa.

Kuma ba wai farautar dare nake magana ba, a wurare da yawa doka ma ta hana harbi cikin duhu. Amma dole ka shiga tun kafin gari ya waye don ka isa maɓoyarka, dole ka fito bayan rana ta faɗi, wani lokacin kuma dabbar da ka harba ta ja ka inda ba ka shirya zuwa ba. Abin da za ka saya domin waɗannan awannin shi ne maganar.

Ni dai zaɓina kamfas ne, na allura, mai faffaɗan gindi na roba da ake ganin taswira ta cikinsa. Ba ya cin batir, ba ya neman sabis, sanyi ba ya kashe shi, in ya faɗa ruwa ka ciro ka goge a riga ka ci gaba. Kamfanoni biyu ne na yarda da su, Suunto na Finland da Silva na Sweden, kuma in za ka iya ka ɗauki mai madubi irin Suunto MC-2. Abin da za ka duba kafin ka biya: akwatin allurar ya zama cike da ruwa babu kumfa, don ruwan ne ke sa allura ta natsu da wuri maimakon ta yi ta rawa. Zoben digiri ya riƙa juyawa da ɗan tauri, kar ya zama sako-sako da zai goce a aljihu. Sannan alamun su zama masu ƙyalli cikin duhu, irin wanda za ka haska wa tocila na ɗan lokaci ya ci gaba da haske da kansa. Akwai na soja mai sinadarin tritium wanda ba ya bukatar a haska shi, amma haskensa yana raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da ɗoriya, don haka in tsoho ne aka kawo maka ka tambayi shekarar da aka ƙera shi.

Wani abu da mutane ba sa lura da shi, arewar da allura ke nunawa daban take da arewar taswira, kuma bambancin ya danganta da inda kake a duniya, wani wuri kusan babu, wani wuri ya wuce digiri 10. Kar ka raina digiri ɗaya, kuskuren digiri ɗaya tak yana kawar da kai kusan mita 17 a kowace kilomita, toh lissafa na digiri 10 ka gani. Shi ya sa nake son kamfas mai ɗan sukurun da ake saita wannan bambancin sau ɗaya a manta da shi. Haka kuma ana daidaita nauyin allura ne bisa yanki, wanda aka yi wa arewacin duniya yana iya gogar gindin akwati in ka kai shi can kudu, sai dai in mai allurar duniya duka ka saya.

Yadda nake aiki da shi babu wani sirri. Kafin in bar mota sai in duba taswira in nemi wani dogon abu da ba zan iya kuskure masa ba, titi ko kogi ko layin wayar lantarki, in riƙe a raina cewa komai ya rikice, in na miƙa yamma misali zan ci karo da titin nan. Digirin da na shiga da shi ina rubuta shi a bayan hannu, in zan dawo in ƙara 180 ko in rage 180. Kuma da gangan nake ɗan kaucewa gefe guda, in motata tana bakin titi ba na nufarta kai tsaye, sai in nufi hannun damanta kaɗan, yadda in na fito titi na san hagu zan yi, ba tsayawa ina tunani. A fadama kuwa inda ba a tafiya a miƙe, in na tarar da ruwa mai zurfi sai in juya digiri 90 in ƙirga takuna, in wuce ruwan, in sake dawowa da adadin takun nan. Sai dai ka nisanta shi da bakin bindiga da wuƙa da waya lokacin karantawa, ƙarfe da maganaɗisu suna jan allura, ni jingine bindigar nake yi a bishiya in matsa taku biyu.

GPS na hannu shi ne na biyu a wurina, kuma gaskiya yana yin abin da kamfas ba zai iya ba, wato ya gaya maka inda kake a yanzu. Tun da Amurka ta daina rage wa farar hula ingancin siginar a watan Mayun 2000 na'urorin nan suka zama abin dogaro, yanzu ma da yawa suna haɗawa da taurarin ɗan adam na GLONASS na Rasha ko na Galileo na Turai, wanda ke taimakawa ƙarƙashin ganye mai kauri inda sararin sama ɗan kaɗan ake gani, don sai na'urar ta kama aƙalla tauraron ɗan adam huɗu kafin ta ba ka wuri mai kyau. In za ka saya ka ɗauki mai cin batir AA guda biyu irin Garmin eTrex, in ya mutu ka canza a tsaye, kuma mai maɓalli, don allon taɓawa ba ya jin jiƙaƙƙen yatsa ko safar hannu. Ga wurin da mutane ke faɗawa: eTrex 22x ba shi da kamfas na lantarki a ciki, 32x ne ke da shi. Wanda ba shi da shi sai kana tafiya yake gane inda ka fuskanta, a cikin sarƙaƙiya kuwa da kake jan ƙafa a hankali sai kibiyar ta yi ta juyawa tana ruɗa ka. Maganinsa ka karanta digirin a GPS, ka saita a kamfas na allura, ka bi allura.

Waya da manhajojin taswira irin onX Hunt ko Gaia GPS tana da kyau wajen shiri a gida da ganin iyakar fili, kuma tana kama tauraro ko babu sabis in ka sauke taswirar tun da wuri, amma sanyi yana zuƙe mata caji kuma haskenta yana kashe maka ido. Agogon hannu mai GPS allonsa ya yi ƙanƙanta. Ƙusoshi masu ƙyalli da ake kafawa a bishiya hanya ɗaya kawai suka sani, wadda ka riga ka bi, barewa kuma ba ita za ta bi ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan, jabu. Shekarun baya na sayi kamfas a intanet wurin wani mai sayarwa da ban sani ba, hoton ya yi kyau, tambarin babban kamfani a jiki, arha kamar kyauta. Ban gwada shi ba na jefa a jaka. Ranar da na bukace shi na bi jini har cikin wata fadama da ban taɓa shiga ba, na zame na nutse har ƙugu, wayar tana aljihun wando ta sha ruwa ta ɗauke. Na ciro kamfas na haska, allura ta nuna wani gefe, na bi. Bayan kamar rabin awa na sake dubawa, na juya jikina gaba ɗaya sai na ga allurar ta juyo tare da ni, ta maƙale a jikin murfin, ga wata ƙatuwar kumfa a gefe. Na ƙwanƙwasa da farce ta yi tsalle ta tsaya wani wuri daban, na sake ƙwanƙwasawa ta sake canza wuri. A kan saiwar wata bishiya na kwana a zaune, jiƙe sharkaf, haƙora suna kaɗawa, sai da gari ya waye na ji ƙarar mota daga gefen da na ba wa baya duk daren.

Don haka dan Allah duk kamfas ɗin da ka saya, ko daga ina, ka gwada shi a gida. Ajiye shi a tebur na katako, kawo wuƙa kusa allurar ta biyo ta, janye wuƙar, dole ta koma daidai inda take da farko cikin daƙiƙu kaɗan. Yi haka sau biyar daga ɓangarori daban daban. Karkata shi kaɗan ka juya a hankali ka ga ko tana gogar wani abu. Kwatanta shi da wani kamfas, amma kar ka haɗa su kusa da juna don za su ja juna. Duba rubutun digirin, na jabu sau da yawa layukan ba su daidaita ba kuma fentin yana kankaruwa da farce. Ƙananan nan da ake maƙalawa a jikin wuƙa ko usur ko igiyar hannu kar ma ka lissafa su cikin kayan aiki. Ko na gaskiyar ma in ka daɗe kana ajiye shi manne da waya ko lasifika, allurar tana iya juyewa ta riƙa nuna kudu a matsayin arewa, shi ya sa nake duba nawa kafin kowace fita.

Fitilar goshi ma nan ne ƙaryar ta fi yawa. Za ka ga 'yar fitila kamar akwatin ashana an rubuta mata lumen 100,000, wato ma'aunin ƙarfin haske, wannan zance ne kawai, lumen 200 zuwa 400 na gaske sun ishe ka tafiya a kurmi. Batirin caji samfurin 18650 da ake sa wa fitila, in aka rubuta masa 9900mAh, wato yawan cajin da yake ɗauka, shi ma ƙarya ne, na kirki ba sa wuce wajen 3500, kuma irin waɗannan na bogin su ne ke mutuwa farat ɗaya babu gargaɗi. Kalmar "ba ya jin ruwa" kawai a kwali ba ta nufin komai, nemi lamba: IPX4 yayyafi kawai yake jurewa, IPX7 shi ne aka gwada a zurfin mita ɗaya na minti 30, kuma mai shiga fadama IPX7 yake bukata, a fitila da GPS duka. Ka nemi mai jan haske a ciki, don ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuma nan take yake rushe wannan, ga shi barewa ba ta ganin ja sosai yadda take ganin shuɗi. Sai dai wajen bin jini farin haske za ka kunna, a jan haske jini ɓacewa yake yi a kan ganye.

In daji ne mai nisa da babu sabis sam, ka ƙara da na'urar kiran ceto, ko irin inReach mai bin taurarin Iridium da ake biya wa kuɗin rajista a kai a kai, ko ƙaramar nan ta 406 MHz da ba a biya mata kuɗin wata amma dole ka yi mata rajista da sunanka. Wadda wani ya riga ya yi amfani da ita kuwa in za ka saya ka duba ranar ƙarewar batirinta, yana rubuce a jiki. Kamfas ɗin kuma a wuya ake rataya shi da igiya a cikin riga, fitila ta biyu da batir na canji a leda mai zif a aljihun ƙirji, sama da inda ruwa zai kai in ka nutse har ƙugu.