Labarin na'urar duba ido a Dubai

Salam Yaya, ya gida ya su Inna da yara, da fatan kowa lafiya. Ka tambaye ni wai da gaske ne a nan da ido ake wuce imigireshan ba sai an buga maka hatimi ba, to gaskiya ne wallahi, kuma abin ya daɗe yana raina saboda Baba.

A filin jirgin Dubai akwai wasu ƙofofin gilashi, in dai an taɓa yi maka rajista kuma takardunka na zama suna da kyau, tsayawa kawai za ka yi a kan alamar ƙafa da aka zana a ƙasa, ka cire tabarau da hula ka kalli wani ɗan koren haske, kafin ka gama gyara jakar da ke kafaɗarka ƙofa ta buɗe. Ba mai tambayarka daga ina, ba mai cewa me ka kawo mana. Fuska take dubawa da ido. Kuma ba duk idon ba, wannan zoben da ya kewaye ɗan baƙin tsakiya shi take ɗauka. Mu da namu yake da duhu in ka duba madubi ba ka ganin komai a ciki, amma kyamarar tana haska wani haske da idon mutum ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin, ba zafi ba komai, a ƙarƙashinsa sai zane-zane su fito, zaruruwa da ramuka da lanƙwasa rututu. Tun mutum yana cikin uwa zanen ke haɗuwa, na idon dama daban na hagu daban, ko tagwaye masu kama ɗaya nasu bai zo ɗaya ba, ikon Allah kenan.

Kwamfuta ba hoto da hoto take gwadawa ba, zanen take mayarwa lambobi, sifili da ɗaya guda 2048. Wani malami a jami'ar Kambirij ta Ingila, John Daugman, shi ya fito da lissafin, ya yi masa rajista a 1994. In ka sake zuwa sai ta ɗauki sabo ta jera da na ajiye, mutum biyu daban kusan rabin lambobinsu ne ke saɓawa, in kuwa kai ne ɗan kaɗan ne zai saɓa saboda gashin ido ko yanayin haske, shikenan ta gane ka.

Abin da ya sa na ce saboda Baba, ka tuna wahalar da ya sha a banki lokacin BVN, a dangwala yatsa ta ƙi, a ce ya goga a riga, a ce ya wanke, a shafa masa mai, babban yatsa manuni duk an gwada, dattijo yana zufa mutane na kallo daga ƙarshe aka ce ya dawo wani satin. Laifinsa kawai fartanya ta cinye masa zanen hannu. Haka matan da ke wanki da surfe, haka masu gini, ga lokacin hunturu da fata ke tsagewa, har yaran JAMB ma ana samun wanda yatsansa ke ƙin hawa. Ido kuwa ba ya riƙe fartanya. Indiya ta haɗa ido biyu da yatsu goma a katin shaidarsu na Aadhaar na mutum sama da biliyan 1, a Jodan kuma 'yan gudun hijirar Siriya a sansanin Zaatari da ido suke biyan kuɗin kayan abinci a shago tun 2016. In za a kawo mana wani abu daga waje ni wannan nake so a fara kai wa bankuna da wajen tantance 'yan fansho, ko da a ce mai hakiya ko wanda ciwo ya taɓa wa ido shi sai dai a koma wa yatsan.

Amma dan Allah ka ja kunnen yaran unguwa masu cewa ko an kore su za su canza fasfo su dawo Dubai. Ƙasar nan sama da shekara 20 kenan tana ɗaukar idon duk wanda ta kora, asali ma don su aka fara kawo na'urar. Ka canza suna ka canza shekarun haihuwa ka aske gemu, kana kallon kyamara tsohon fayil ɗinka zai fito, kuma ita ba a roƙonta, a jirgi na gaba za a juyo da kai, kuɗin biza da na tikiti da gonar da aka sayar duk sun tafi. Duk ejan ɗin da ya ce musu zai gyara ƙarya yake yi.

Ni kaina akwai inda abin ke damuna, lambar sirri ta ATM in an sace sai ka canza, ido fa? Shi ya sa ko a gida ka ga wasu sun zo da na'ura suna cewa a kalle ta a ba da kuɗi kyauta kar ka bari kowa namu ya je.

Ka gaida Inna, ka ce mata maganin ƙafarta yana hannun mai tahowa Kano ƙarshen wata.