Wace na'urar sikanin ya kamata ka saya idan wuta ta kama a dashbod bayan ka taɓa cikin mota?

Idan aka cire kujera don a sa mata sabuwar riga, ko aka canza rediyo zuwa allon Android, ko aka kwance sitiyari, wutar da ta fi kamawa a dashbod ita ce ta eyabag, wato jakar iskar da ke buɗewa lokacin hatsari, wadda wasu motocin ke rubuta wa SRS. Abin haushin kuwa, na'urar da mutane suka fi garzayawa su saya ita ce wadda ba ta ganin eyabag ɗin kwata-kwata.

Ga dalili. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Tarayyar Turai daga 2001, duk suna da soket mai baki 16 a ƙasan sitiyari, wanda ake kira OBD2. Yawancin motocinmu na tokumbo daga can suka fito. Sai dai abin da doka ta tilasta wa kamfanoni su buɗe wa kowa shi ne bayanin inji da hayaƙi. Na eyabag da birkin ABS kuwa, kowane kamfani da yadda yake tsara nasa. Lambar matsala ma tana nuna haka: P ta inji da giya ce, B ta jikin mota, C ta birki da ƙafa, U ta sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Ta eyabag galibi da B take farawa.

Mafi arha ita ce 'yar ƙaramar ELM327, wadda ake haɗawa da waya ta Bluetooth, a karanta da manhaja irin Torque ko Car Scanner. Tana da ranarta. Idan wutar inji ce ta kama, za ta gaya maka lambar, ta goge, ta nuna zafin inji da ƙarfin batir. Amma kusan duk na kasuwa kwaikwayo ne, wata ta yi aiki, wata ta ƙi haɗuwa da motar. Mai iPhone kuma sai ya nemi mai Wi-Fi ko Bluetooth LE. Babbar illarta ita ce za ta ce maka babu matsala alhali ga wutar eyabag ja-wur a gabanka. Don haka ba ita ce ta wannan aikin ba.

Wadda nake ganin ta fi dacewa da mai mota ɗaya ko biyu ita ce ta hannu mai allonta, wadda aka rubuta ABS da SRS ɓaro-ɓaro a kwalinta, irin su Autel AL619, Launch CRP123 ko Foxwell NT630. Da ita za ka shiga kwamfutar eyabag, ta faɗa maka ko ta gefen direba ce ta yanke, ko bel ɗin fasinja, ko nannaɗaɗɗiyar wayar cikin sitiyari, wadda ke tsinkewa idan aka juya ta ba daidai ba wajen mayarwa. Wannan bayanin shi ne ainihin abin da kake biya, domin shi ke hana ka kwance dashbod gaba ɗaya saboda soket guda na eyabag, mai ruwan ɗorawa, da bai zauna ba a ƙarƙashin kujera. Sai dai kowace na'ura da jerin motocin da ta sani. Toyota da Honda ba sa ba da wahala. Mai Peugeot 406 ko 307 kuwa ya tambaya da kyau kafin ya zaro kuɗi.

Akwai kuma na kamfani guda: Techstream na Toyota, VCDS ko OBDeleven na Volkswagen da Audi, FORScan na Ford da Mazda, Diagbox na Peugeot. Sun fi zurfi nesa ba kusa ba, har saiti ana canzawa da su, amma yawancinsu sai da kwamfutar cinya da haƙuri, kuma danna abin da ba ka sani ba yana iya haifar da sabuwar wuta. Manyan irin Launch X431 kayan sana'a ne, a bar wa masu gareji. In kuwa sau ɗaya abin ya same ka, ka kai wa mai wayarin motar ya sa mata kwamfuta, ya fi maka sauƙi, amma ka rubuta lambar kafin ya goge.

Wata wutar ma ba ta bukatar na'ura. Idan ka sa ƙwan LED a Golf ko Mercedes ta nuna ƙwai ya mutu, ƙarancin wutar da yake ja ne ya ruɗe ta, sai ka canza zuwa wanda aka rubuta wa CANbus, wato wanda aka yi don kada ya ruɗe kwamfutar motar. Idan bayan sa allon Android maɓallan sitiyari suka daina aiki, duba ɗan akwatin CANbus da ke zuwa da allon, mai haɗa shi da kwamfutar motar. A wasu Volkswagen, 'yar fitilar eyabag ta fasinja tana jikin murfin da ake cirewa, kuma kunna makulli alhali tana cire ya isa ya tayar da wutar eyabag, wadda ita kam sai da na'ura ake goge ta.

Kafin ka taɓa kowane soket mai ruwan ɗorawa, kashe mota, cire kan batir na nagatib, ka jira. Toyota ta ce daƙiƙa 90, Honda minti 3. Kada ka auna wayar eyabag da mita, tana iya fashewa. Kuma kada ka yarda da mai cewa zai sa resista ko ya cire ƙwan dashbod. Wutar za ta mutu, amma ranar hatsari jakar tana iya ƙin buɗewa.

Ko a Ƙofar Ruwa za ka saya ko a Panteka, je da motar. Ka sa mai shago ya jona na'urar a gabanka, ya shiga SRS, ka ga lambar matsalar ta fito a allo kafin ka biya.